Call Jane: Fim a kan Matan Shikago da Suka Yi Aikin Ɓoye Kafin Hukuncin 1973

Call Jane fim ne na Amurka da ya fito a 2022. An ɗauko labarinsa daga tarihin wata ƙungiyar mata ta ɓoye da ta yi aiki a birnin Shikago tsakanin 1969 da 1973, lokacin da zubar da ciki laifi ne a jihar Illinois da mafi yawan jihohin ƙasar. Ƙungiyar, wadda aka fi sani da Jane, ta fara ne da haɗa mata masu neman a cire musu ciki da mutanen da ke yin aikin a asirce. Daga baya matan ƙungiyar suka koyi aikin, suka riƙa yi da hannunsu. An ƙiyasta cewa cikin shekara huɗu mata kusan 11,000 ne suka bi ta hannunsu.

Phyllis Nagy ce ta ba da umarni, Hayley Schore da Roshan Sethi suka rubuta labarin. Elizabeth Banks da Sigourney Weaver su ne manyan taurarin fim ɗin, tare da Wunmi Mosaku, 'yar wasan Birtaniya da aka haifa a Zariya a 1986, iyayenta suka tafi da ita Manchester tana ƙarama. An fara nuna fim ɗin a bikin finafinai na Sundance a watan Janairu na 2022, ya shiga gasar bikin Berlin a wata mai bi masa, sannan ya shiga gidajen kallo na Amurka a ƙarshen Oktoba.

Labarin da fim ɗin ya bayar

Fim ɗin ya buɗe a watan Agusta na 1968, lokacin da 'yan sanda suka yi arangama da matasa masu zanga-zangar ƙin yaƙin Vietnam a titunan Shikago, ana tsakiyar babban taron jam'iyyar Democrat. Joy matar aure ce mai rufin asiri, mijinta Will lauya ne, suna da 'ya budurwa ɗaya, tana kuma ɗauke da ciki na biyu da duk gidan ke murna da shi. Siyasa da zanga-zanga ba su dame ta ba.

Bayan ta yanke jiki ta faɗi a gida, likita ya gano tana da ciwon zuciya da cikin ya taso da shi, kuma idan ta ci gaba da rainon cikin, rayuwa da mutuwa rabi-da-rabi ne. Doka ta ba da dama a cire ciki idan ran uwa na cikin haɗari, amma sai kwamitin asibiti ya amince. Kwamitin duk maza ne. Suna tattauna makomarta tana zaune a gabansu kamar ba ta wurin, suka ƙi amincewa. Joy ta nemi wasu hanyoyin, har ta je wani ƙazamin ɗaki da ake irin wannan aiki, tsoro ya kama ta ta gudu. A bakin titi ta ci karo da wata 'yar takarda manne, mai cewa duk mai cikin da ke neman taimako ta kira Jane.

Da ta kira, sai wata mace mai suna Gwen, wadda Mosaku ta fito a matsayinta, ta ɗauke ta a mota, ta sa aka rufe mata ido har suka isa. Wani saurayi mai suna Dean, da ake ɗauka likita ne, ya yi aikin a kan dala 600. Daga nan aka kai ta wani gida inda wasu mata suka ba ta abinci, suka sa mata ido har ta dawo hayyacinta. A nan ta gane cewa Jane ba mutum ɗaya ba ce, taron mata ne ƙarƙashin jagorancin Virginia, wadda Weaver ta fito a matsayinta.

Sauran fim ɗin ya bi yadda Joy ta tsunduma cikin aikin sannu a hankali: ta fara da tuƙa mota, ta koma riƙe hannun mata tana kwantar musu da hankali lokacin aiki, duk tana faɗa wa mijinta cewa ajin koyon zane take zuwa. Da ta gano Dean ba shi da takardar shaidar likita, sai ta tilasta masa ya koya mata. Da haka kuɗin aikin ya faɗi, ƙungiyar ta samu damar karɓar matan da a da take mayarwa saboda ba su da abin biya. Fim ɗin ya ƙare a 1973, bayan hukuncin Kotun Ƙoli da ya halatta zubar da ciki.

Joy da Virginia da Gwen da Dean duk ƙagaggun mutane ne. Amma ƙungiyar, da tsarin aikinta, da batun likitan da ba likita ba, duk sun faru.

Doka da halin da mata suke ciki

Tun ƙarshen ƙarni na 19 kusan dukkan jihohin Amurka suka haramta zubar da ciki, sai dai don ceton ran uwa. Dokar Illinois ta wancan lokacin ta yi kama da abin da ke sashe na 232 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a arewacin Najeriya, wanda shi ma ya keɓe ceton ran mace kaɗai. A asibitocin Amurka, kwamitocin likitoci ne ke tantance wadda ta cancanta, kuma ba kasafai suke amincewa ba, domin asibiti na tsoron ɓata suna, likita na tsoron rasa lasisinsa.

Hanyoyin kauce wa ɗaukar ciki ma ba su yalwata ba. An amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1960, amma sai a 1965 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ma'aurata 'yancin amfani da magungunan tsarin iyali a duk faɗin ƙasar, marasa aure kuwa sai 1972. Ana iya korar mace daga aiki don ta yi ciki, abin da dokar tarayya ba ta hana ba sai a 1978.

Haramcin zubar da ciki bai sa an daina ba, sai dai ya raba mata gida biyu. Mai kuɗi da hanya tana iya samun likitan da zai yi mata a ɓoye cikin tsafta, ko ta tashi zuwa ƙasar waje, musamman bayan Birtaniya ta sassauta dokarta a 1967. Marar ƙarfi kuwa sai ta faɗa hannun likitocin bogi, waɗanda wasunsu ke aiki ƙarƙashin inuwar 'yan Mafiya na Shikago, ko ta gwada yi wa kanta da abin da ta samu. Kuɗin aikin ɓoye yakan kai dala 500 zuwa 600, ko fiye. A 1968 mafi ƙarancin albashi a Amurka dala 1.60 ne a awa, wato mai irin wannan albashi sai ta yi aikin sama da mako tara kafin ta haɗa dala 600, ba ta ci ba ta sha ba. Asibitin gwamnati na Cook County, inda talakawan birnin ke zuwa, a lokacin yana da sashe guda da aka ware wa matan da aka kawo da zubar jini ko ruɓar mahaifa bayan aikin ɓoye ya ɓaci.

Asalin ƙungiyar

Tushen Jane yana komawa ga Heather Booth, ɗaliba a Jami'ar Shikago wadda ta shiga gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata a jihar Mississippi a 1964. A 1965 wani abokin karatunta ya gaya mata cewa 'yar'uwarsa ta yi cikin da ba ta shirya masa ba, tana cikin matsananciyar damuwa. Booth ta yi ta tambaya a tsakanin abokan gwagwarmaya har aka haɗa ta da Dokta T.R.M. Howard, likitan tiyata baƙar fata kuma fitaccen ɗan gwagwarmaya, wanda ya baro Mississippi ya zauna a Shikago bayan barazanar da aka riƙa yi wa rayuwarsa. Howard ya yi aikin. Labari ya bazu, kira ya riƙa zuwa ɗakin kwanan ɗalibai inda Booth take, ta ce duk mai kira ta nemi Jane, don kada a ambaci sunanta na gaskiya.

Da aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, Booth ta tara wasu mata ta koya musu abin da ta sani, ta miƙa musu ragama. A 1969 suka zama ƙungiya mai tsari da ke da alaƙa da babbar ƙungiyar 'yancin mata ta Shikago. Ruth Surgal da Jody Parsons su ne suka fi tsayawa a kan tafiyar da ita. Mata sama da 100 ne suka yi aiki a cikinta a tsawon shekarunta, ba a lokaci ɗaya ba: matan aure, ɗalibai, malaman makaranta. Mafi yawansu fararen fata ne masu matsakaicin hali, baƙaƙe kaɗan ne.

Ba su kaɗai ke wannan hidima ba. A 1967 wani fasto a New York, Howard Moody, ya jagoranci kafa ƙungiyar limaman Kirista da na Yahudawa masu nuna wa mata inda za su samu likitan da za a iya amincewa da shi. Abin da ya bambanta Jane shi ne ba ta tsaya a nuna hanya ba.

Yadda aikin ke gudana

Ƙungiyar tana tallata lambar wayarta a jaridun ɗalibai da na 'yan gwagwarmaya, da takardun da ake mannawa a allunan sanarwa. Wasu likitoci da ma'aikatan jinya ma sukan ba mace lambar a ɓoye. Mai kira takan bar saƙo a na'urar ɗaukar murya. Wata daga cikin matan ta sake kiranta, ta rubuta bayananta a ƙaramin kati: suna, shekaru, watannin ciki, tarihin lafiya, da abin da za ta iya biya. A taron mako ake rarraba katunan, kowace mai ba da shawara ta ɗauki nata, ta gana da matar, sau da yawa a falon gidanta, ta bayyana mata abin da za a yi daki-daki, ta kuma tabbatar cewa ra'ayin kanta ne, ba wani ne ya tilasta ta ba.

Ranar aiki ana amfani da gida biyu. Na farko shi ne wurin jira, inda mace kan zo da mijinta, ko ƙawarta, ko 'ya'yanta, ana ba da shayi da abin taɓawa. Daga nan direba, ita ma 'yar ƙungiya, ta kwashi mata kaɗan-kaɗan zuwa gida na biyu inda ake aikin. Gidajen na 'yan ƙungiya ne ko na abokansu, ko na haya, ana kuma sauya su a kai a kai. Bayan aiki a ba mace maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tsayar da jini, mai ba ta shawara kuma ta riƙa kiranta na kwanaki tana bin lafiyarta. In an ga alamar matsala, akwai likitocin da suka yarda a tura musu ita ba tare da sun kai rahoto ba.

Lokacin da mata suka karɓi aikin

A farkon lamari matan suna ɗauko maza ne masu yin aikin, su kuma suna cinikin farashi da kula da marasa lafiya. Wanda suka fi dogara da shi wani mutum ne da ake kira Mike, mai hannu da natsuwa, wanda kowa ya ɗauka likita ne. Parsons ta matsa masa har ya yarda tana shiga ɗakin, tana taimaka masa, tana kallon yadda yake yi. Daga bisani ta tabbata cewa bai taɓa zama likita ba, a hannun wani ya koya.

Wannan labari ya girgiza ƙungiyar. Wasu matan suka fice, suna ganin an yaudari waɗanda suka amince da su, kuma ci gaba a haka wasa ne da rayuka. Waɗanda suka rage suka kalli abin ta wata fuska: tun da wanda bai je makarantar likita ba ya iya, su ma za su iya. Parsons ta koya, ta koya wa wasu. Zuwa 1971 matan ne ke yin aikin baki ɗaya, farashi ya sauko zuwa dala 100, wadda ba ta da shi kuma ta ba da abin da ya sawwaƙa.

Sauƙin farashin ya zo daidai da wani sauyi. A watan Yuli na 1970 dokar jihar New York da ta halatta zubar da ciki har zuwa mako 24 ta fara aiki, ba ta kuma sharɗanta sai mazauniyar jihar ba. Matan Shikago masu kuɗin jirgi suka koma tafiya can. Waɗanda suka rage wa Jane su ne talakawa, da 'yan mata ƙanana, da baƙaƙen fata daga unguwannin kudu da yammacin birnin. Wannan ya haifar da tambaya mai nauyi a cikin ƙungiyar da wajenta: fararen mata ne ke yi wa baƙaƙen mata aikin, a zamanin da wasu 'yan gwagwarmayar baƙar fata ke zargin cewa tsarin iyali da zubar da ciki dabara ce ta rage yawan al'ummarsu. Fim ɗin ya taɓo wannan a wata muhawara mai zafi tsakanin Gwen da Virginia a kan waɗanne mata ne ake mayarwa saboda rashin kuɗi.

Kamu da shari'a

Shekaru da dama 'yan sandan Shikago ba su taɓa ƙungiyar ba, duk da lambar wayarta tana manne a fili. Tsoffin 'yan ƙungiyar sun ce a cikin waɗanda suka yi wa aiki har da mata da 'ya'yan 'yan sanda. Abin ya canza ranar 3 ga Mayu, 1972, bayan wasu dangin wata mai ciki sun kai ƙara. Jami'an sashen binciken kisan kai suka bi motar ƙungiyar zuwa wani gida a unguwar South Shore, suka shiga suna neman likita, ba su tarar da kowa ba sai mata. Aka kama bakwai daga cikin 'yan ƙungiyar. A cikin motar 'yan sanda, matan suka yayyage sunaye da adireshin da ke kan katunan, suka haɗiye, don kada a gano masu zuwa wurinsu.

An tuhumi kowace da laifuka 11 na zubar da ciki da haɗa baki, wanda jimillar hukuncinsu zai iya kai shekara 110 a gidan yari. Sauran matan suka ci gaba da aiki bayan ɗan tsaiko. Lauyarsu, Jo-Anne Wolfson, ta san akwai ƙara a gaban Kotun Ƙoli da za ta iya sauya komai, sai ta riƙa neman ɗage zama tana jan lokaci. Ranar 22 ga Janairu, 1973, kotun ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, cewa tsarin mulki ya kare 'yancin mace na zubar da ciki, musamman a watannin farko. Dokokin jihohi irin na Illinois suka faɗi. A watan Maris aka janye tuhumar, da asibitocin da doka ta amince da su suka buɗe kuma, ƙungiyar ta rufe aikinta.

Inda fim ɗin ya kauce wa tarihi

Babban zaɓin da marubutan suka yi shi ne ɗora labarin a kan mace ɗaya, matar aure mai mutunci a idon jama'a, wadda ke son cikinta, rashin lafiya ce ta tilasta ta. Wannan ya sa mai kallo ya tausaya mata ko da yana ƙin zubar da ciki, amma ba haka yawancin masu kiran Jane suke ba: talauci, ƙuruciya, yawan 'ya'ya da tsoron abin kunya su ne suka fi kawo su. Fim ɗin ya kuma mayar da nasarar taron mata tamkar ta mutum ɗaya, alhali tarihi ya nuna aikin gayya ne da ya ɗauki shekaru, cike da saɓani a kan shugabanci da riƙe sirri.

Kamun 1972, wanda shi ne mafi tsananin abin da ya faru da ƙungiyar, ba a nuna shi ba sai ambato. Haka nan fim ɗin ya rage nauyin haɗarin da ke tattare da aikin waɗanda ba su da horon asibiti, ya kuma sa raha a wurare da dama. Masu sharhi sun yaba wasan Banks da Weaver, da yadda aka nuna aikin da aka yi wa Joy a hankali ba tare da gaggawa ko ƙawa ba, amma wasu sun ce fim ɗin ya yi laushi ga labari mai ɗaci haka. Muryar masu adawa da zubar da ciki ma ba ta samu wuri ba, duk da Shikago birni ne da cocin Katolika ke da ƙarfi ƙwarai. A wurin masu wannan ra'ayi, ɗan tayi rai ne da ke da haƙƙin kariya, don haka ba sa kallon aikin Jane a matsayin jarumta.

Sauran finafinai da lokacin fitowarsa

Mai son jin labarin daga bakin waɗanda suka yi shi zai same shi a The Janes, fim ɗin shaidun gani da ido na Tia Lessin da Emma Pildes, wanda tashar HBO ta nuna a Yuni 2022. A cikinsa an yi hira da tsoffin 'yan ƙungiyar, da Mike, da ɗaya daga cikin jami'an da suka yi kamun. Tun a 1995 Laura Kaplan, wadda ita ma 'yar ƙungiyar ce, ta wallafa littafin The Story of Jane. Wasu ƙasashen ma suna da irin nasu: Vera Drake na 2004 ya ba da ƙagaggen labarin wata mai aikatau a Landan ta 1950 da ke yi wa mata aikin kyauta har aka ɗaure ta, Annie Colère na 2022 kuma ya nuna ƙungiyar da ta yi irin wannan aiki a Faransa kafin dokar Simone Veil ta 1975 da ta halatta zubar da ciki.

An ɗauki Call Jane ne lokacin da hukuncin 1973 yake aiki. Wata biyar bayan nuna shi a Sundance, ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta soke wancan hukunci a shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga wata dokar jihar Mississippi, ta mayar wa kowace jiha ikon tsara dokarta. Jihohi fiye da goma suka haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya, wasu suka taƙaita shi ga makonnin farko. Saboda haka fim ɗin ya isa gidajen kallo ana tsakiyar muhawarar, ko da yake bai yi kasuwa sosai ba. A Illinois zubar da ciki halas ne a doka, wata dokar jihar ta 2019 ta ƙara tabbatar da hakan, kuma jihar ta zama ɗaya daga cikin wuraren da matan jihohin da suka haramta suka fi zuwa, gwargwadon ikon kowace na biyan kuɗin tafiya.